Taken da Ba Shi da Amshi

An ce wani sarki aka yi a zamanin da, wanda Allah ya ba shi ƙasa mai faɗi, da wani babban kogi da ya ratsa ta tsakiya. Ba azzalumi ba ne, wannan kam a yi masa shaida. Sai dai yana da wata cuta irin ta manya, ba ya so a ce wani sarki ya fi shi da wani abu, ko da tsawon rawani ne.

Wata rana fatake suka ba shi labarin wata ƙasa mai nisa inda ake da waƙa guda da suke kira taken ƙasa. In an tashe ta, kowa sai ya miƙe tsaye, su rera ta da baki ɗaya. Abin ya tsaya wa sarki a rai. Ya kira wazirinsa ya ce, "Ya waziri, ina so a yi wa ƙasata take wanda kunne bai taɓa jin irinsa ba."

Shi wazirin nan mutum ne mai ilimi, kuma ya san yana da shi, abin da ya ɓata shi ke nan. Ya kulle kansa wata uku, ya fito da take mai baiti talatin da uku. Kowane baiti sai ya hau sama har jijiyar wuya ta fito, ya gangaro ƙasa har murya ta shige ciki, kuma aka hana a yanke shi a tsakiya, aka hana a huta tsakanin baiti da baiti. Da mawaƙan fada suka tambaye shi ina amshin, sai ya ɗaga hanci ya ce, "Amshi na masu daka ne da 'yan gayya. Maganar ƙasa ba a tsoma mata baki."

Mawaƙa goma sha biyu suka koya, suka rera a gaban sarki. Ni ba zan rage wa waziri haƙƙinsa ba, taken ya yi kyau, har sarki ya share hawaye da bakin alkyabba. Nan take ya sa aka yi shela cewa kowane gari ya koyi taken kafin girbi. Garin da ya kasa, a tuɓe shugabansa a fitar da shi daga ƙasar, domin wanda bai iya rera taken ƙasa ba bai cancanci ya shugabanci kowa a cikinta ba. Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Garuruwa suka gwada suka ga ba dama, sai suka koma ga dabara. In manzannin sarki sun zo jarrabawa, sai a tura maroƙa tsakiyar taro su yi ta fama, sauran jama'a kuwa suna motsa leɓe kamar masu tauna goro. Kowa ya ci jarrabawa, ban da ƙauyen masu fito da ke bakin kogi. Shugabansu, wani dattijo mai suna Korau, ya ce shi bai iya ƙarya da baki a buɗe ba. Shekara talatin yana ƙetarar da mutane, bai taɓa kifar da jirgi ba. Mutanensa ba wai ba su iya waƙa ba ne, waƙarsu gajera ce, daidai da bugun filafili. Al'adarsu ce in matuƙi ya gaji a tsakiyar ruwa, sauran su ɗaga murya su ce, "Numfasa, mun riƙe," ya huta, su ja, sa'an nan ya karɓa. Suka gwada taken sau uku, sau uku suna sarewa a baiti na huɗu. Aka ɗaure Korau aka kai shi fada, aka yanke cewa ran Lahadi za a ƙetarar da shi kogin da ya yi rayuwarsa a kai, kada ya ƙara dawowa.

Ana saura kwana biyu sai ga wani tsoho ya zo ƙofar fada, da riga 'yar shara da sanda, ya ce yana da magana a kan taken. Aka shigar da shi, ya faɗi ya yi gaisuwa.

Sarki ya ce, "Kai wane ne, mece ce sana'arka?"

Ya ce, "Ya sarki, Allah ya ja zamaninka, sunana Mantau. Shekara hamsin ina waƙa, ban taɓa fara waƙa ba, ban kuma taɓa barin ta ta faɗi ƙasa ba."

Sarki ya dubi waziri. Waziri ya yi murmushin raini ya ce, "Ɗan amshi ne, ranka ya daɗe. Irin waɗanda ke tsayawa bayan mawaƙi suna maimaita kalma biyu har rana ta faɗi."

"Haka ne," in ji Mantau, "waziri ya gane ni. To ya sarki, ga tambaya. An gina wani gida mai ɗaki talatin da uku, aka yi masa ado da zinariya, ba a bar masa taga ko ɗaya ba. Aka ce mutane su shiga su zauna, suka fito a guje suna haki. Wa za a hukunta, masu gudu ko magini?"

Sarki ya ce, "Magini. Na kuma gane inda ka nufa, amma ka kuskure. Mawaƙana goma sha biyu suna zaune cikin gidan nan lafiya lau."

Mantau ya ce, "Sun huda taga a ɓoye ne, ya sarki. Sa su rera, kada ka dubi bakinsu, ka dubi ƙirjinsu."

Aka kira mawaƙa suka tashi taken. Sarki ya zuba ido, sai ya ga abin da bai taɓa lura da shi ba. Wannan ya yi shiru da baki a buɗe, ya ja iska, goma sha ɗaya su rufa masa asiri. Ya dawo, na kusa da shi ya saci tasa. Haka suka yi ta yi har ƙarshe, babu ɗaya a cikinsu da ya rera taken dukansa.

Mantau ya ce, "Ka gani? Amshi suke yi wa juna, amma a sace. Abin da aka kori Korau a kansa, ko a fadarka ba wanda ya taɓa yin sa."

Da sarki ya tsaya nan, da an huta. Amma cutar nan tasa ta motsa. Ya ce, "Wannan raunin bayi ne. Ni na haddace taken nan tun ranar farko, kullum ina bin sa a zuciyata har ƙarshe."

"A zuci ba a haki, ya sarki," in ji Mantau. "In ka yarda, ka rera shi da bakinka ran Lahadi a bakin kogi. In ka kai ƙarshe, a haɗa ni da Korau a jirgi ɗaya, ba zan waiwayo ba."

Waziri ya matso ya yi ƙasa da murya ya ce bai dace da girman sarauta ba. Shi dai ya san abin da ya gina. Sarki ya ɗaga masa hannu ya ce, "Na yarda."

Ran Lahadi da hantsi, jama'a suka cika gaɓar kogi ta nan da ta can, har ba ka ganin yashi. Aka zaunar da Korau cikin kwalekwale, hannuwansa a ɗaure, matansa da mutanensa suna tsaye cikin ruwa suna kallon sa. Sarki ya hau wani fa, faffaɗan dutse da ke bakin ruwa, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga murya.

Ashe Allah ya ba shi murya! Baiti na farko ya tashi ya bi kan ruwa har gaɓar can. Ya wuce na huɗu inda masu fito suka sare, mutane suka dubi juna. Ya wuce na shida, gumi ya jiƙa rawani. A na takwas jijiyoyin wuyansa suka miƙe kamar igiyar guga. Ya kama na tara, ya hau, ya hau, ya kai inda muryar ke ƙurewa, sai numfashi ya yanke. Bakinsa na buɗe, ba abin da ke fita. Idonsa ya yi duhu, ya dafa gwiwa.

Wuri ya yi tsit, ba ka jin kome sai ruwa yana dukan fa. Babu wanda ya yi dariya, tsoro ne ya sauka a kan kowa, domin duk wanda ke wurin ya tuna shelar nan, cewa wanda bai iya rera taken ƙasa ba bai cancanci ya shugabanci kowa a cikinta ba. Sarki ma ya tuna. Ya ga rawanin sarautarsa na gab da faɗawa ruwa, kuma da bakinsa ya jawo haka.

Sai wata murya ta taso daga cikin kwalekwale, tsohuwar murya mai kaushi, wadda ta saba kira a tsakiyar kogi. Korau ne, da igiya a hannu, ya ɗaga kai ya rera, "Numfasa, mun riƙe!"

Masu fito suka karɓa, gama ba su iya jin kiran nan su yi shiru ba. Matansu suka karɓa. Mantau ya ɗaga sandarsa ya juya wajen taro, gaɓar nan ta karɓa, gaɓar can ta amsa, har tsuntsayen da ke kan ruwa suka tashi gaba ɗaya. Mutanen da suka yi wata da watanni suna motsa leɓe, ran nan aka ji muryarsu. Waɗanda suka halarta sun ce sun ji fan da sarki ke kai yana rawa, kuma ni ban ga dalilin ƙaryata su ba.

Sarki ya ja iska har cikinsa. Ya miƙe ya kama baiti na goma. Da ya sauke, jama'a suka amsa, ya huta. Ya kama na gaba, suka huta. Haka suka yi ta miƙa wa juna, shi ya ja, su riƙe, har aka kai baiti na talatin da uku. Wannan ce rana ta farko da aka rera taken nan tun daga farkonsa har ƙarshensa ba tare da sata ba, kuma tsigar jikin kowa a tashe take.

Sarki ya sauko daga kan fa, ya shiga ruwa da alkyabbarsa har gwiwa, ya kwance Korau da hannunsa. Ya ce, "Ya Korau, ni na kore ka. Da ka yi shiru, da yau ni za a ƙetarar. Me ya sa ka amsa?"

Korau ya ce, "Ranka ya daɗe, mu a kan ruwa ba ma tambayar wanda ya gaji abin da ya yi mana jiya. In ya saki, jirgin duka ne zai tafi, har da mu."

Hawaye suka bi gemun sarki. Sa'an nan ya soke shelar, ya mayar da Korau kan sarautarsa. Ya sa aka rage taken ya koma baiti biyar, kowane baiti da amshinsa. Waziri kuwa aka ba shi aikin tsayawa bayan mawaƙa shekara guda yana maimaita kalmomin amshin nan uku, kuma an ce ya fito da sauƙin kai ƙwarai.

Da aka nemi Mantau a yi masa kyauta, sai aka same shi ya riga ya kama hanya. Sarki ya bi shi da ƙafa, ya ce, "Ya tsoho, ko kalma ɗaya ka bar mini."

Mantau ya juyo ya ce, "Ya sarki, adalci shi ne mai mulki ya bar gurbi a cikin maganarsa inda talaka zai amsa. Wanda ya toshe gurbin nan, numfashin kansa ya toshe."