Wayoyi Biyu a Ƙarƙashin Kujera

Ya 'yan uwa, an taɓa yin wani mutum, mai gyaran wutar injina a wani babban sito. Gwani ne, ba musu. Aibinsa ɗaya: ya gwammace a zare masa haƙori da ya ce bai sani ba.

A siton akwai motar ɗaga kaya, mai ƙahonin ƙarfe biyu a gaba. Sai ta fara fito da wata lambar gargaɗi a allon gaban direba, ta tsaya cak. Mai gyaran ya goge lambar, ta dawo. Ya canza batir, ta dawo. Kwana huɗu yana bin wayoyi da mitar gwada wuta, lambar tana nan daram.

Ya dai san inda take nuni. Akwai wani ɗan makunni ƙarƙashin kujera, wanda ke tsayar da motar da zarar direba ya tashi. Amma makunnin ne ya mutu, ko waya ce ta tsinke a wani lungu? Ya kasa ganowa.

Direban motar maƙwabcinsa ne. Cikin raha ya ce, "Malam, ko a kira mai gyaran kamfanin da ya ƙera ta? Yau dai ka gamu da daidai kai."

Wasa ne fa, amma maganar ta soke shi. Da aka fita cin abinci, ya ɗaga kujerar, ya haɗe wayoyi biyu na makunnin, ya naɗe. Daga ranar, motar ta ɗauka cewa kullum da mutum a kanta. Lamba ta ɓace, aka yi ta yaba masa.

To, gyara ya yi, ko bakin mai gargaɗi ya toshe?

Bayan sati uku, direban ya sauko ya daidaita wani kwali, bai cire giya ba, don ya saba tana tsayawa da kanta. Ta biyo shi a hankali, ta matse ƙafarsa da bango. Sai da aka yanke ƙafar.

Aka ɗaga kujera, aka ga ɗaurin, aka kori mai gyaran. Babu siton da ya ƙara kiransa. Amma wallahi korar ita ce mai sauƙi. Ƙofofinsu na kallon juna. Kowace safiya maƙwabcin yana fitowa da sanduna biyu, kuma shi ke fara gaishe shi.

Ya 'yan uwa, girman kai ne ya ɗaure wayoyin nan, ba hannu ba. In an ba ka amanar gyara, rayukan mutane aka ba ka. Wanda bai gano ba, ya faɗa, a kira wani.

Allah ya tsare mu da girman kan da wani zai ɗauki nauyinsa a jikinsa. Amin.