Shafin Bel ɗin Hakimi

Hakimi ya ajiye teɓa, bel ya fara matse shi, sai ya ɗora wa Jatau baduku laifi.

"Shafin fatar da ka yi masa daga ciki ne ya tsuke. Sake wanda ba zai matse ni ba. Kada ka ƙara tsawo, ko ka bar kasuwata."

Jatau ya haɗiye dariya, ya ɗinka sabon shafi.

"Ranka ya daɗe, wannan fatar akuya ce, zuciya gare ta. In ta ji nama a cikinka, tsukewa take. A yi mata haƙurin kwana arba'in ba cin nama."

Ranar arba'in Hakimi ya iso rumfar Jatau yana riƙe wando da hannu.

"Yanzu kuma zamewa yake."

"Ta huce ke nan, ranka ya daɗe. A tsokane ta da tsire."