Randar Marka

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta. To ga ta, ku gyara zama.

A wani gari akwai wata mata mai ginin tukwane, sunanta Marka, da mijinta Jatau. Ba 'yan garin ba ne. Kakanninsu daga kan dutse suka sauko, dangi duk sun ƙare, saura su biyu a wata bukka bayan ganuwa. Mutanen gari suna sayen tukwanenta, amma ba sa karɓa daga hannunta. Sai ta ajiye a ƙasa, ta ja da baya, sannan a ɗauka.

Ana nan sai Jatau ya kwanta, bai tashi ba. Su kuwa a al'adarsu ba a kwance ake binne mutum ba. A zaune ake sa shi cikin randa, wani ya kifa kasko a bakin randar da hannu biyu, sannan a tura ƙasa. Marka ta wanke mijinta ita kaɗai, ta zaunar da shi, ta rufe. Saura wurin haƙa, ga rana tana ɗagawa, gawa kuwa ba ta jira.

Sai ta tafi wurin mai unguwa, ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, Jatau ya rasu. A ba ni taku uku a gefen makabarta."

Ya ce, "A randa? Sai ka ce tsimi! Namu ba sa kwana da naku."

Ta tafi wurin wani manomi, Nomau, wanda gonarsa ta dangana da bukkarta. "Baba Nomau, kan iyaka kawai, inda ƙaya ta cinye."

Ya ce, "In gerona ya yi ɗaci, wa zai saya?"

Ta tafi wurin Dela, matar mai unguwa, wadda tun tana amarya a tukunyar Marka take tuwo. Dela ta leƙo ta bayan asabari ta ce, "Allah sarki. Ke dai ki yi haƙuri." Ta saki asabari.

Marka ba ta yi kuka ba. Ta ci ɗamara, ta kwantar da randa, ta shiga mirginawa. Hanyar daji kuwa sai an ratsa tsakiyar gari. Tana turawa, mata suna janye tabarmi, suna kwashe shanya. Ba wanda ya ce mata sannu. Wata ma tsintsiya ta ɗauko tana share sawunta.

Can cikin daji ta tarar da Dabgi, dabbar nan mai haƙa rami, yana hutawa a gindin suri.

Ya ce, "Iya, me kika turo haka?"

Ta ce, "Mijina ne. Za ka haƙa?"

"Zan haƙa. Ladana ruwan sha a kasko, kullum, har rani ya wuce."

Ta ce, "Kai, ji tsoron Allah! Rami ɗaya? Rabin rani."

"Iya, ƙasar nan tauri gare ta."

"Faratanka ma tauri gare su. Rabin rani, kaskon kuma ka riƙe."

Dabgi ya yi dariya ya ce ya sallama. Ya haƙa, ya haƙa, ya haƙa, suka zura randa, suka mai da ƙasa. Marka ta zauna kan kabari ta ce, "Dabgi, in tawa ta zo fa?"

Ya ce, "Haƙa na iya, ko kyauta. Amma dubi hannuwana. In na taɓa kasko fashewa zai yi. Rufi sai ɗan Adam."

Ta koma gida. Ta kwaɓa yumɓu, ta gina randa daidai zamanta, ta gasa, ta jingine a bakin ƙofa. Ba a taɓa ganin mai kyanta ba.

Ran nan sai ga Dela, ta tsaya daga nesa. "Marka, randar can nawa? Tawa ta tsage."

Marka ta ce, "Taya."

Ta taya. Marka ta ce, "Albarka." Ta ƙara. "Albarka." Ta haɗa da zane da akuya. "Albarka."

Dela ta ce, "To faɗi da bakinki mana!"

Marka ta ce, "Ɗauki, ki sha ruwa a ciki har iya kwanana. Ranar da na mutu ki dawo da ita, ki sa ni ciki, ki rufe da hannunki. Kuɗinta ke nan."

Dela ta dubi randa, ta dubi tafin hannunta. Ta ce, "Ta yi tsada." Ta juya.

To kun ji. Mutumin da kuka ci abinci a tukunyarsa, kada ku ce hannunsa ƙazanta ne. Ran da ya faɗi, ku je ku kama.

Kurunkus, na kife kaskona.