Wuƙar Bahago

Akwai wani dattijo mai wasa wuƙaƙe da kowa ke kira Mai Washi. Shagonsa ɗan ƙarami ne a ƙarshen layin masu gyare-gyare, a ɗakin bayansa kuma yake kwana. Ya iya aikinsa, wannan ba mai musu. Aibinsa ɗaya, ba ya bari mutum ya kai ƙarshen magana. Kana buɗe baki zai ce, "Na sani, na sani," ko da kuwa gaya masa za ka yi rigarsa ta kama wuta. Matarsa ta yi ta fama da wannan hali har Allah ya ɗauki ranta. 'Yarsa tilo tana aure a nesa. Mutane sai su ajiye wuƙa su tafi, don ba wanda ke son hira da mai amsa tun ba a yi tambaya ba.

Mutum ɗaya ne ya jure masa, wani mai ɗinkin takalma da ke tsallaken titi, wanda ake kira Bahago saboda da hagu yake komai. Kullum da yamma zai zo ya zauna a bencin ƙofar shago, su sha shayi. Mai Washi na zuba surutu, shi yana murmushi. In da za a tambayi dattijon abin da ya mallaka a duniya, ya kuma faɗi gaskiya, to wannan zaman ne.

Da hannun dattijon ya fara rawa saboda tsufa, sai 'yar ta aiko masa da na'urar washi ta zamani. Tana da baki na ƙarfe da ke damƙe wuƙa, da doguwar sanda mai ɗauke da dutsen washi, da ma'auni da ake ɗaure sandar a kai don dutsen ya riƙa kwanciya a karkace iri ɗaya. Ko hannu na rawa, kaifi ba ya kaucewa. A waya 'yar ta ce, "Baba, an ce kafin ka fara, ka shafa tawada a bakin wuƙar, ka ja dutsen a hankali, ka ga inda yake ci. Kowace wuƙa da irin..."

"Na sani, na sani. Ina wasa wuƙa tun ba a haife ki ba."

Ya ɗaure ma'aunin a wuri ɗaya, ya matse notin, bai ƙara taɓa shi ba. Ya wasa wannan gefe, ya juya ya wasa wancan, baki ya fito yana sheƙi. Matan unguwa suka yaba, domin wuƙar girki ba ta da wata tsirfa. Kan dattijo ya ƙara girma.

Wata safiya Bahago ya shigo da abu naɗe a tsumma. Wuƙarsa ce ta fere fata, wadda yake rage kaurin gefen takalmi da ita kafin ɗinki. Gajera ce, ta sirance saboda daɗewa, ƙotarta ta yi baƙi da gumi. Shi yake wasa abarsa a gida, bai taɓa ba kowa ba. Amma ta ci karo da ƙusa ta yi giɓi, idonsa kuma ya fara rauni.

"Abokina, amana na kawo maka," in ji shi. "Ka ga wuƙar nan, ba kamar sauran ba ce. Gefe..."

"Na sani, na sani. Je ka, ga mutum can yana jiranka."

Bahago ya ɗan tsaya kamar zai ƙara magana. Ya waiwaya ya hango mai takalmi tsaye a rumfarsa, sai ya tsallaka.

Mai Washi ya ɗaga wuƙar a haske, ya yi tsaki. Gefe ɗaya ne kawai aka wasa, ɗayan a shafe yake kamar allo. "Dubi ɓarna," ya ce shi kaɗai. "Shekara da shekaru bawan Allahn nan yana wahala da karkatacciyar wuƙa." Ya ɗaura ta a na'ura, ya ɗauko dutse mai kaushi. Da ya cire giɓin, sai ya juya ta ya hau shafaffen gefen da ci, har bakin ya daidaita a tsakiya. Ransa fari ƙal, yana ta saƙa irin godiyar da zai sha.

Da yamma ya dafa shayi, ya miƙa wuƙar da hannu biyu. Bahago ya juya ta, ya sake juyawa. Ya zaro guntun fata daga aljihu, ya ɗora a gefen benci, ya kwantar da wuƙar ya tura. Ta zame ta wuce. Ya ɗan ɗaga ta, sai ta nutse ta huda fatar.

"Shafaffen gefen nan shi ke kwanciya a kan fata," ya ce a hankali. "Na kasuwa duk don masu dama ake yin su. Yayana maƙeri ne, shi ya ƙera min wannan don hannuna, shekarar da ya rasu. Abin da na so gaya maka ke nan."

"Sai in mayar da ita yadda take."

"Da wane ƙarfen? Dubi abin da ya rage."

Mai Washi ya duba. Kafin a cinye sabon bakin a dawo da na da, wuƙar ta ƙare. Bahago ya naɗe abarsa a tsumma, ya yi sallama, ya bar shayinsa ko kurɓa bai yi ba.

Bai yi faɗa ba, bai kuma yi gaba ba. In suka haɗa ido yakan ɗaga hannu daga tsallake, amma bai sake zama a bencin ba. Mai Washi ya je ya ba da haƙuri, Bahago ya ce ya wuce, ya sunkuyar da kai ga aikinsa, yana kokawa da wata sabuwar wuƙa da ba ta san hannunsa ba. Yamma ta zama doguwa. Wani lokaci dattijon kan zuba shayi kofi biyu bisa sabo, sai ya tuna, ya juye ɗaya a buta. Kaɗaici ya dame shi ƙwarai.

Ya sayi tawada, ya kwance notin ma'auni. Wata rana wani saurayi ya kawo wuƙa, sai dattijon ya matsa masa benci ya ce, "Zauna, ɗana. Me kake yankawa da ita? Da wane hannu kake riƙewa? Ina jin ka."

Saurayin ya dubi agogo. "Baba, wasa min kawai, sauri nake yi."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kada gwaninta ta toshe wa mutum kunne. Kayan aiki komai kyansa yana bin inda ka saita shi ne, ba zai gaya maka abin da mai kaya ke so ba. Kafin ka gyara abin wani, bari ya gama magana, domin abin da kake gani a karkace wataƙila don hannunsa aka yi shi. Ka kuma saurari masu jure zama da kai tun suna da abin gaya maka.