Alƙalin Wasan da Ya Cire Usur Daga Bakinsa

Akwai wani mutum mai gyaran keke, wanda ikilisiya takan kira ya yi alƙalancin ƙwallon kwando na 'yan mata. Wata Asabar aka haɗa 'yan gari, masu riga da takalma iri ɗaya, da 'yan wani ƙauye da suka fara koyon wasan bara. Kafin hutun rabin lokaci, 'yan gari suna da maki arba'in da huɗu, 'yan ƙauye huɗu kacal.

Cin wasa ba laifi ba ne, amma 'yan gari suka fara raini. Wata doguwa a cikinsu mai suna Keziya, duk sa'ad da ta jefa ƙwallo a kwando sai ta taka rawa a gaban Tabita, shugabar 'yan ƙauye, tana cewa, "Ku koma gona, can kuka fi iyawa!" Mutumin ya gargaɗe ta, ta yi kamar ba da ita ake ba. Ransa ya ɓaci ƙwarai, gama shi ma a ƙauye aka haife shi.

Ana cikin haka sai haƙurin Tabita ya ƙare, ta hankaɗe Keziya har ƙasa. 'Yan kallo suka ɗauki ihu, "Ƙyale Tabita, Baba! Keziya ce ta ja wa kanta!" Shi ma abin da zuciyarsa take so ke nan. Sai ya ji numfashinsa yana fita da zafi, ga usur a bakinsa. Ya cire shi, ya riƙe a hannu har ransa ya kwanta. Sa'an nan ya busa.

Ya ce wa Tabita, "'Yata, kin ture ta, laifi ne. Za su yi jifa biyu." Ya juya ga Keziya ya ce, "Ke kuma bakinki ya riga hannunta yin laifi. Je ki zauna a benci."

Tabita ta ce da hawaye, "Haba Baba, kana ganin abin da take yi mana fa!"

Ya ce, "Na gani. Amma in na yi ƙarya dominku yau, ranar da kuka ci, wa zai yarda ku kuka ci?"

Ma'anar wannan misali ita ce: Ubangiji ya ba kowannenmu usur. Uwa tana da nata a gida, malami a aji, dattijo a ikilisiya. Mun san son kai zunubi ne, amma mukan manta cewa fushi saboda wanda aka zalunta ma yakan karkatar da hukunci. Tausayi abu ne mai kyau, sai dai bai ba ka izinin ƙarya ba. In ka ji ƙirjinka ya yi zafi, ka yi shiru tukuna, ka roƙi Ubangiji ya kwantar da ranka. Yaran suna kallonka, kuma yadda ka yi da fushinka yau, haka za su yi da nasu gobe.