Saniya Ba Ta Sakin Nono Sai Ɗanta Na Kusa

A zamanin da, tun mutane na jin kunyar karya alkawari, an yi wani sarki mai gandu babba, wanda mahayi kan wuni bai kewaye shi ba. Shekara uku a jere hatsin gandun yana raguwa, alhali ruwa bai yi gardama ba. Sarkin gandu, wani mai suna Barmo, ya ce lalacin ma'aikata ne. Sai Sarki ya sa doka: daga shuka har girbi ba mai fita, aiki kuwa daga asuba har faɗuwar rana.

Cikin ma'aikatan akwai Nomau, mutumin bayan dutse. Ya baro matarsa Yalwa da tsohon ciki. Damina ta wuce aka ce a tsaya sussuka, rani ya zo aka ce a tsaya sharar gona, haka dai har damina ta huɗu ta riske shi a nan. Kullum fartanya na hannunsa, idonsa na kan dutsen, yana tunanin gayaunarsa da ciyawa ta cinye, da abin da aka haifa masa wanda bai san mace ce ko namiji ba. Ran nan ya ajiye fartanya ya kama hanya. Aka kamo shi, aka kai shi fada don a yi masa bulala a gaban kowa.

Waziri Korau ya dube shi, ya ce wa Sarki, "Allah ya ba ka nasara, a jinkirta bulalar, a kawo mini saniya mai shayarwa, a bar ɗan maraƙinta a waje."

Aka kawo. Aka tatsa, aka tatsa, ko gindin ƙwarya bai rufu ba. Barmo ya ce, "Wannan ma malalaciya ce."

"To, ɗauko bulalarka ka gwada mata," in ji Waziri. Fadawa suka yi dariya. Aka shigo da maraƙin, ta lashe shi, nono ya zubo har ƙwarya ta cika.

Sarki ya juya, ya ce wa Nomau, "Kai, mene ne naka maraƙin?"

Nomau ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, ban ma san sunansa ba. Mu ba ƙin aiki muke ba. A tashe mu daga aiki da azahar, a ba mu kwana biyu a mako mu ga gida mu nome namu, a kai mana ruwa da fura bakin kunya. Kuma a bar ɗaya daga cikinmu ya riƙa kawo kukanmu gabanka da bakinsa, ba ta bakin Barmo ba."

Sarki ya zartar da duka, ya sauke Barmo. A shekarar nan sai da aka ƙara rumbuna. Mai hana wa mutum gidansa, kansa yake yi wa asara, ko da rawani a kansa.

Nomau kuwa ya isa gida da la'asar. Ya tarar da Yalwa tana daka, wata 'yar yarinya na riƙe da zanenta. Yarinyar ta dube shi, ta ɓuya a bayan turmi, ta ce, "Inna, ga baƙo."

Yalwa ta ajiye taɓarya. "Ba baƙo ba ne," in ji ta. "Je ki kawo wa babanki ruwa."