Kafar Katangun Tudun Gawo

Dalilin da ya sa kowace katanga a Tudun Gawo take da kafa daidai gwiwa, mai faɗin bakin ƙwarya, shi za ku ji yau. Kai Cindo, zare hannunka daga ciki ka zauna, ba don wasanka aka huda ta ba.

Da can gonakin gero ne a nan, tsakanin rafi da layin dogo. Da birni ya cika ya batse, sai ma'aikata suka riƙa fitowa suna gini a kan tudun. Ba kasuwa, ba asibiti, hanya ɗaya tal. Garin kwana ne kawai. Da an idar da sallar asuba motoci su kwashe kowa, maza da mata da 'yan makaranta, sai magariba a dawo da su.

Cikin baƙin akwai Tanimu, malamin ofis mai son shiru, da matarsa Lantana, mai ciki wata takwas. Danga ce kawai tsakaninsu da Iya Tabawa, tsohuwar da suka tarar a wurin. Kullum da sassafe sai ta leƙo: "An tashi lafiya? Lantana, yaya nauyin jiki?"

Abin ya ishi Tanimu. Ya ce, "Haba Iya! Mutum ba zai sha shayinsa ba sai da ido a kansa?"

"Ɗan nan, gaisuwa ce fa."

"A riƙe ta."

Ya kirawo magina suka ja katangar bulo wadda ko tsalle ka yi ba ka taɓa kanta, aka jera fasassun kwalabe a sama, aka sa ƙofar ƙarfe mai sakata ta ciki. Maƙwabta suka ga ta yi kyau, kowa ya kwaikwaya.

Ran wata Talata, bayan gari ya watse, Lantana ta zame a wurin wanki, jikin katangar. Naƙuda ta taso, jini ya ɓalle. Ta kasa tashi, balle ta kai ga sakata. Iya ta jiyo nishi. Ta zagaya ta bubbuga ƙofa, ta bi layi gida-gida tana ihu, ko kare bai amsa ba. Sai ta koma gida ta ɗauko taɓarya.

Wayyo, tsohuwa da bulon siminti! Tun hantsi take dukan katangar nan har azahar ta gota, tafin hannunta ya farfashe, kafin ta samu 'yar kafa. Ta nan ta ji kukan jariri. Ta miƙa reza, ta gaya wa Lantana inda za ta yanke cibiya. Can sai ga hannu na turo abu a naɗe cikin zanen wanki.

"Iya, karɓi. Mace ce."

Iya ta karɓa, ta mayar da ɗaya hannun ta riƙe na Lantana. Tana riƙe da shi har ya yi sanyi.

Da magariba Tanimu ya dawo da tsire a takarda. Ya buga ƙofa, shiru. Ya waiwaya ya ga Iya zaune a ƙasa da jaririya.

"Iya, ina Lantana?"

"Tana bayan katangarka."

Sai da aka kawo mai walda ya yanke ƙofar kafin Tanimu ya ga gawar matarsa. Ni dai ban taɓa ganin namiji ya yi kuka irin na ran nan ba.

Bayan sadakar uku magini ya zo zai toshe kafar, Tanimu ya ce kada ya kuskura. Washegari aka gan shi durƙushe a gindin katanga, bakinsa a kafar, yana cewa, "Iya, an tashi lafiya?" Kafin sati ya zagayo kowa ya huda tasa.

Shi ya sa har yau babu mai shiga mota a garin nan sai ya durƙusa ya gaida maƙwabcinsa ta kafa, in kuwa ba a amsa ba, ranar ba a zuwa birni. Tanimu ya tsufa, Iya ta daɗe da rasuwa, gidanta ma ya rushe. Amma ku saurara gobe da asuba, za ku ji shi yana tambaya.